Neman gurbin digiri na uku mai cikakken tallafi da digirin farko kaɗai: ta ina ake farawa?

Ɗalibar Aji Huɗu:

Assalamu alaikum. Malamai da yayye, ina neman ƙarin haske. Ina shekarar ƙarshe a sashen bayokemistiri a wata jami'ar gwamnati a Arewa, makina 4.31 cikin 5.00, saura zango ɗaya in kammala. Burina in yi digiri na uku a waje, amma gidanmu ba halin biyan kuɗin makaranta. Na ji ana cewa akwai jami'o'in da ke ɗaukar mutum da digirin farko ba tare da mastas ba, har su riƙa biyansa alawus. Gaskiya ne? Wasu sun ce min sai mai daraja ta ɗaya ake ɗauka, ni kuma da wuya in kai 4.50. Me ya kamata in fara yi yanzu, kuma in jira in gama bautar ƙasa ne ko in nema tun kafin nan? Allah ya saka da alheri.

Malamin Ɗakin Gwaji:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Gaskiya ne, kuma a Amurka ma hakan shi ne tsarin da aka saba da shi a fannonin kimiyya. Digiri na uku a can shekara biyar ne zuwa shida. Shekara ɗaya ko biyu na farko darussa ake yi, sannan a yi wa ɗalibi jarrabawar tantancewa, in ya ci ya shiga bincike gadan-gadan. Wato abin da mastas ke koyarwa an riga an cusa shi cikin shirin, shi ya sa ba sa neman ki zo da shi.

Kuɗin kuma ba kyauta ba ce kamar yadda ake zato. Mafi yawa aiki ne: ko ki taimaka wajen koyar da 'yan digirin farko, ko ki yi bincike a ƙarƙashin tallafin da farfesanki ya samo, a lissafa miki awa 20 a mako. A madadin haka a yafe miki kuɗin makaranta, a ba ki alawus, wanda a fannonin kimiyya yakan kama daga kusan dala 25,000 zuwa 45,000 a shekara, gwargwadon jami'a da tsadar garin. Ki riƙe wannan: a fanninki, duk gurbin digiri na uku da aka ce ke za ki biya, ki bar shi.

Maganar daraja ta ɗaya ba haka take ba. Yawancin jami'o'in can mafi ƙarancin makin da suke rubutawa shi ne 3.0 cikin 4.0, kuma daraja ta biyu ta sama mai ƙarfi irin taki ba ta hana a karanta takardunki. Maki ƙofa yake buɗewa kawai. Abin da kwamitin ɗauka ke nema shi ne shaidar cewa kin taɓa riƙe tambaya ɗaya wata da watanni, gwaji ya ƙi, kin gano dalili, kin sake. Farfesan da zai kashe miki kuɗin tallafinsa na shekara biyar wannan yake son ya sani. Mai 4.70 da bai iya bayyana furojet ɗinsa ba yana bayan mai 4.20 da zai faɗi dalilin da ya sa ya zaɓi wannan hanyar gwaji ya bar waccan.

Saboda haka aikinki na farko yana hannunki yanzu, shi ne furojet ɗinki. Kada ki saya, kada ki kwafa, kada ki bari ma'aikacin ɗakin gwaji ya yi miki ya miƙo miki sakamako. Ki buɗe littafi ki riƙa rubuta kwanan wata, abin da kika auna, yawan sinadarin da kika zuba, da abin da ya lalace. Ko da tace ganyen magani kika yi kika gwada shi a kan ƙwayoyin cuta, ki san me ya sa aka yi amfani da wannan ruwan tacewa, sau nawa aka maimaita gwajin, wane samfuri aka ajiye don kwatantawa, wane lissafi ya nuna bambancin na gaske ne. Waɗannan su ne ainihin tambayoyin da za a yi miki a intabiyu.

Ga yadda lokutan suke. Karatu yana farawa a Agusta ko Satumba. Ana buɗe fom wajen Satumbar shekarar da ta gabata, a rufe tsakanin 1 ga Disamba da tsakiyar Janairu, fannonin halittu kuma sun fi rufewa da wuri. Intabiyu Janairu zuwa Fabrairu, amsa Fabrairu zuwa Maris. Akwai yarjejeniya tsakanin jami'o'in Amurka da yawa cewa ba za a tilasta wa ɗalibi ya karɓi tayin tallafi kafin 15 ga Afrilu ba, don haka kina da damar jiran sauran amsoshi. In kika lissafa baya, shiri na farawa wata 12 zuwa 18 kafin ranar rufe fom. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shawarata game da bautar ƙasa: ki yi ta, ki nema a cikinta. Jami'o'in waje ba sa tambayar takardarta, amma za ki buƙace ta ranar da kika dawo neman aiki a gida, kuma shekarar tana da amfani in aka tura ki inda ake bincike. Ki nemi takardar buƙata, wato wasiƙar da ke neman a turo ki can, tun da wuri daga cibiyoyin bincike irin NITR a Kaduna, NVRI a Vom, NIPRD a Abuja, NIMR a Yaba, IITA a Ibadan, ko ɗakin gwajin wani malami a jami'a. In ba a dace ba aka kai ki makarantar sakandare, ki koyi R ko Python, harsunan kwamfuta na nazarin bayanai, da yamma, ki ɗebo bayanan ƙwayoyin halitta kyauta daga rumbun intanet na NCBI ki yi ƙaramin nazari a ƙarƙashin kulawar sufabaizanki. Wannan ba ya bukatar na'ura ko sinadari, kwamfuta da data kawai.

Yayar Ɗalibai:

Malam ya gama magana a kan bincike. Bari in ɗora da takardu, don a nan ne 'yan gida suka fi faɗuwa, ba don rashin ƙwazo ba.

Wasiƙun shaida uku ake nema. Ba ke za ki ɗora su ba. Za ki rubuta sunan malami da imel ɗinsa a fom, jami'ar ta aika masa da mahaɗi, shi ya ɗora da kansa. Abubuwa uku ne ke ɓata wannan. Saƙon yakan faɗa akwatin tarkacen imel (spam) malamin bai gani ba, don haka duk ranar da kika saka sunansa ki kira shi ki ce ya duba. Na biyu, wasu jami'o'in ba sa sakin jiki da wasiƙar da ta fito daga adireshin Gmail ko Yahoo, sun fi son imel na jami'a da takarda mai tambarin sashe. Na uku, kuma shi ya fi muni, wasiƙa mai layi huɗu da ke cewa ɗaliba ce mai ladabi da biyayya. A wurinmu wannan yabo ne, a wurinsu alama ce ta malamin bai san ki ba. Wasiƙar ƙaramin malami da ya tsaya a kanki a ɗakin gwaji, ya rubuta abin da kika yi da hannunki, ya kwatanta ki da sauran ɗaliban da ya koyar, ta fi ta shugaban tsangaya da bai taɓa ganin aikinki ba. Ki sanar da su mako shida zuwa takwas kafin rufewa, ki haɗa musu takardar tarihin karatunki, bayanin manufarki, jerin jami'o'i da ranakun rufewa a shafi ɗaya. Fom zai tambaye ki ko kin yafe haƙƙin ganin wasiƙar. Ki ce kin yafe, don an fi yarda da wadda ɗalibi bai gani ba.

Sai tiranskirif, wato cikakkiyar takardar makin kowane darasi. Ki nemi kwafin ɗalibi da zarar majalisar jami'a ta amince da sakamakonku, domin fitarsa na iya cin watanni. Yawancin jami'o'in Amurka suna karɓar kwafin da kika ɗora da kanki lokacin nema, sai sun ɗauke ki su nemi na hukuma. Wasu kuma suna son a bi ta kamfanin tantance takardu irin WES, wanda dole jami'arki ce za ta aika masa kai tsaye. Kada ki biya WES sai jami'ar da kike nema ta rubuta tana so. Kuma kada ki juya makinki zuwa ma'aunin 4.0 da kanki in ba an ce ki yi ba. Ki rubuta 4.31 cikin 5.00 yadda yake, ki tabbata shafin da ke bayanin ma'aunin maki yana cikin abin da kika ɗora. Ki duba sunanki: yadda yake a fasfo haka ya kamata ya kasance a fom da kowace jarrabawa, harafi da harafi. Aisha a nan, A'ishatu a can, yana raba fayil gida biyu.

Takardar bayanin manufa shafi ɗaya ce zuwa biyu. Kada ki buɗe ta da cewa tun kina ƙarama kike son kimiyya, ko da labarin talaucin ƙasa. Mai karantawa yana da ɗaruruwa a gabansa. Ki fara da tambayar binciken da ke damunki. Kaso mafi girma ya tafi a kan abin da kika yi: tambayar, hanyar, abin da ya fito, abin da ya ƙi, abin da za ki canza. Rashin kayan aiki ba abin ɓoyewa ba ne in kika nuna dabarar da kika yi, misali yadda kika tsara gwaji saboda ɗaukewar wuta kada samfuri ya lalace. Sakin layi na ƙarshe ki ambaci malamai biyu ko uku na wannan sashen da abin da ya haɗa aikinsu da naki. Wannan sakin dole ya canza daga jami'a zuwa jami'a, kuma ki karanta sau biyu kafin turawa, don barin sunan wata jami'a a takardar wata kuskure ne da ake yawan yi.

Jarrabawa: GRE, wato jarrabawar shiga karatun gaba da digirin farko, sassa da yawa sun daina nemanta tun wajen 2020, musamman na halittu, don haka ki haɗa jerin jami'o'inki tukuna kafin ki biya. Sakamakonta na shekara biyar ne. Na IELTS da TOEFL, jarrabawar Turanci, shekara biyu ne kacal, kada ki yi da wuri ya mutu kafin a fara karatu. Jami'o'i da dama suna yafe wa 'yan Najeriya da Gana jarrabawar Turanci, wasu na Ingila kuma suna karɓar C6 ko sama a Turancin WAEC. Amma kowace da dokarta, kuma wani lokaci makarantar ta yafe, sashen ya ce sai an gwada yadda kike magana da Turanci kafin a ba ki aikin koyarwa.

Gargaɗi ɗaya da nake so ki ɗauka da muhimmanci: mujallun da ke karɓar kuɗi su buga takarda cikin mako guda ba tare da wani masani ya duba ba. Ana ruɗar ɗalibai cewa sai da takardu biyar. Ba a sa ran mai digirin farko ya buga komai. Takarda a irin waccan mujalla rage miki daraja take yi, don malaman can sun san su. In za ku buga furojet ke da sufabaizanki, ku duba ko mujallar na cikin rumbunan tantance mujallu irin PubMed, Scopus ko DOAJ. In ba hali, gabatar da aikin a taron ƙungiyar masana fanninku ya isa a rubuta.

Baban Ilham:

Ina tare da su a duk abin da suka faɗa, amma ban yarda a jingina komai a kan Amurka ba, kuma ban yarda a ɗauki mastas a matsayin ɓata lokaci ba.

Da farko batun biza. A Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da bai wa 'yan wasu ƙasashe biza, ciki har da Chadi da Sudan, a Disambar shekarar kuma aka faɗaɗa matakin ya shafi Nijar da Najeriya, har da bizar ɗalibai. Irin wannan doka tana canzawa. Kafin ki biya kuɗin fom ko ɗaya, ki duba shafin ofishin jakadancinsu, ki kuma tambayi ofishin ɗaliban waje na jami'ar ko suna ɗage gurbi zuwa shekara mai zuwa in biza ta gagara, da tallafin ko babu shi. Kuɗin fom daga dala 50 yake zuwa sama da 100 kowace jami'a. Ana iya roƙon a yafe, ta imel zuwa ga jami'in shirin, tun a Satumba ko Oktoba, ba ana gobe rufewa ba.

Akwai jami'o'i da cibiyoyin bincike da ba na Amurka ba da ke ɗaukar mai digirin farko da cikakken tallafi, kuma da Turanci ake karatu: KAUST a Thuwal kusa da Jidda, mai shirin da ke haɗa mastas da digiri na uku; OIST a Okinawa ta Japan; da ISTA kusa da Biyana a Ostiriya. Gasar tana da zafi, amma ƙofar a buɗe take.

Sauran Turai kuwa, a Holan, Suwidin, Nowe da Denmak digiri na uku aiki ne mai albashi, ana tallarsa kamar kowane aiki a shafi irin EURAXESS, kuma kusan ko'ina sai da mastas. Jamus ma mafi yawa haka. Ingila a rubuce tana karɓar daraja ta biyu ta sama, amma shirin shekara uku ne zuwa huɗu ba darussa sosai, kuma za ki yi takara da masu mastas. Tallafin hukumar bincike ta Birtaniya, UKRI, an buɗe shi ga 'yan waje tun 2021, sai dai ba za su wuce kashi 30 cikin ɗari ba. Mafi ƙarancin alawus ɗinsa a zangon 2025 zuwa 2026 fam 20,780 ne a shekara. Tarkon da ke ciki shi ne kuɗin makarantar da yake biya na ɗan ƙasa ne, na ɗan waje ya ninka haka. Wasu jami'o'in suna yafe cikon, wasu ba sa yi. Ki tambaya a rubuce.

Shi ya sa nake ganin ki nemi mastas mai tallafi a lokaci guda. Erasmus Mundus, tallafin mastas na Tarayyar Turai, yana biyan kuɗin makaranta da yuro 1,400 a wata har shekara biyu, ana nema tsakanin Oktoba da Janairu. A fanninki akwai cibiyar WACCBIP a Jami'ar Gana da ke Legon, mai binciken ƙwayoyin cututtuka masu yaɗuwa. Masu lissafi da fiziks da ke karanta wannan su duba AIMS, cibiyar kimiyyar lissafi ta Afirka mai rassa a Afirka ta Kudu, Senegal, Gana, Kamaru da Ruwanda, da diflomar shekara ɗaya ta cibiyar fiziks ta ICTP a Trieste ta Italiya. Mastas irin wannan yana ba ki abu biyu da suka fi ƙaranci a takardun ɗalibanmu: aiki da na'urorin zamani, da wasiƙa daga malamin da kwamitin ya san sunansa. Chevening, tallafin gwamnatin Birtaniya, na mastas ne kuma yana neman shekara biyu na aiki. TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne, ba naki ba ne yanzu.

'Yan'uwanmu na Nijar, Kamaru da Chadi masu lisans na shekara uku su lura: wasu jami'o'in Amurka digirin shekara huɗu suke nema, don haka a tambaya kafin a biya, kuma takardun Faransanci sai an haɗa da fassarar mai fassara da hukuma ta amince da shi. A Faransa kwangilar digiri na uku ta shekara uku ce, kuma sai da mastas.

Ɗalibar Aji Huɗu:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Saura biyu. Dole ne in rubuta wa farfesa kafin in cika fom? Kuma jami'a nawa ya kamata in nema?

Malamin Ɗakin Gwaji:

Ya danganta da wanda ke yanke hukunci, ƙanwata. A shirye-shiryen bayokemistiri da ilimin ƙwayar halitta na Amurka, kwamiti ne ke ɗauka. Shekarar farko za ki zagaya ɗakunan gwaji uku ko makamancin haka, makonni a kowanne, sannan ki zaɓi inda za ki zauna. A nan imel ba dole ba ne. A fannin noma, muhalli da injiniyanci, da kuma yawancin Ingila da Turai, malamin ne ke ɗauka da kuɗinsa, kuma fom ba tare da yardarsa ba asarar kuɗi ne. Shafin sashen yakan faɗi wanne ne tsarinsu.

In za ki rubuta, tsakanin Agusta da Oktoba ne lokacinsa. Kada ya wuce kalma 150 zuwa 200: ke wace ce a jimla ɗaya, abin da kika yi a bincike a jimla biyu, takardarsa ɗaya da kika karanta da tambaya ta gaske a kanta, sai ki tambaya ko yana ɗaukar ɗalibi a shekara mai zuwa. Ki maƙala tarihin karatunki, shafi biyu. Doguwar gaisuwa da roƙo irin namu na gida ba sa aiki a nan, kuma saƙo ɗaya da aka watsa wa mutum hamsin ana gane shi daga layin farko. In mako biyu ya wuce shiru, ki tuna masa sau ɗaya, ki wuce gaba. Kafin ki zaɓi malami ki duba ko ya buga aiki a shekara biyu ko uku da suka wuce, kuma shafin NIH RePORTER, na hukumar binciken lafiya ta Amurka, yana nuna wanda ke da tallafinta a hannu da ranar ƙarewarsa. Kada ki nemi sashen da mutum ɗaya ne kawai aikinsa ya dace da ke, don yana iya ƙaura ko kuɗinsa ya ƙare.

Yawa kuma, shida zuwa goma ya wadatar, in aljihu da yafiyar kuɗin fom sun ba da dama. Biyu daga manyan da kowa ke rububi, sauran daga jami'o'in jihohi masu ƙarfi a fanninki, haɗe da biyu ko uku daga waɗanda Baban Ilham ya lissafa.

Ranar da tayi ya zo, ki karanta takardar da natsuwa kafin murna ta ɗauke ki. Shekara nawa aka lamunce tallafin, biyar ko ɗaya mai sabuntawa? Alawus ɗin na wata 12 ne ko na wata 9, ki nemi na watannin dogon hutu da kanki? Inshorar lafiya wa zai biya? Akwai ƙananan kuɗaɗen zango da yafiyar kuɗin makaranta ba ta shafa ba, nawa ne? Ki nemi a haɗa ki da ɗalibai biyu na ɗakin gwajin ki tambaye su kuɗin haya da halin malamin. In da aure a lissafinki, mai rakiya a bizar F-2 ta Amurka ba shi da izinin aiki, a Ingila kuwa tun Janairun 2024 ɗaliban bincike irin na digiri na uku ne aka bar wa damar zuwa da iyali, ban da yawancin masu mastas na darussa.

Sannan ki fara tara kuɗi tun a alawus ɗin bautar ƙasa. Ko da cikakken tallafi, a Amurka ke za ki biya dala 350 na rajistar ɗaliban waje ta SEVIS da dala 185 na neman biza, ga tikitin jirgi, ga kuɗin ajiya na ɗaki, kuma alawus na farko sai kin yi makonni da isa yake shigowa. Ki tambayi sashen ko suna ba da kuɗin ƙaura ko rancen farkon zango, wasu suna da shi amma sai wanda ya tambaya ake faɗa wa. Ofishin EducationUSA, na masu neman karatu a Amurka, a Abuja da Legas ma yana ba da shawara a kan waɗannan matakai.